Tayin Sulhu a Tsakiyar Yaƙi: Tsokaci a Kan Jakadun Tolstoy

A 'yan watannin nan rubuce-rubucen da matasanmu ke kawowa wurin zaman karatu sun fara karkata zuwa labaran yaƙi da sarauta, bayan an daɗe ana fama da soyayya. Wannan abin farin ciki ne. To amma akwai wani wuri guda da na lura kusan kowa yana yin tuntuɓe a kansa, wato wurin da sarki zai aika wa abokin gabansa jakada da neman sulhu. Ga yadda aka saba rubuta shi: jakada ya iso, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa takarda, mugun sarki ya karanta, ya ƙyalƙyale da dariya, ya yayyaga ta, in abin ya yi tsanani ma ya sa a fille wa jakadan kai. Shi ke nan, sai a buga tambari a faɗa fagen fama. Cikin layi goma an gama. Na tambayi wani ɗan'uwa dalilin da ya sa sarkin labarinsa ya ƙi sulhu, sai ya ce da ni, "Ai Malam, mugu ne." Na ce masa in da mugunta kaɗai ce ke hana sulhu, da yaƙe-yaƙen duniya ba su riƙa daɗewa haka ba, domin sau da yawa ɓangarorin biyu duk sun gaji, kowa yana so a daina, amma sai a kasa.

Wannan ne ya sa na koma na sake buɗe littafin nan na marubucin Rasha, Leo Tolstoy, wanda Turawan Ingila suka fassara da sunan War and Peace, wato Yaƙi da Zaman Lafiya. An fara buga shi kashi-kashi a wata mujalla a 1865, ya fito cikakke a 1869. Littafi ne mai kaurin da ke razana mai karatu tun daga nesa, shafukansa sun haura 1,000, kuma ba ni da niyyar yin sharhinsa gaba ɗaya a nan. Abin da nake so mu duba shi ne wuraren da aka yi tayin sulhu tsakanin Faransa da Rasha a yaƙin 1812, da yadda mawallafin ya sarrafa su, da inda nake ganin ya yi son kai. Tolstoy dai ba a ji ya ji yaƙi ba. Ya yi aikin soja, yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Sebastofol a 1854 zuwa 1855.

Ga tushen maganar a taƙaice. A 1807 Napoliyon na Faransa da Sarki Alekzanda na Ɗaya na Rasha sun sadu a Tilsit, a kan wani dandamalin katako da aka kafa a tsakiyar kogin Niemen, suka ƙulla abota. Cikin sharuɗɗan har da cewa Rasha za ta rufe tasoshin jiragen ruwanta ga kayan Ingila. Wannan takunkumi ya cuci masu ƙasa da 'yan kasuwar Rasha, waɗanda Ingila ce babbar kasuwar katakonsu da hatsinsu, saboda haka a ƙarshen 1810 Alekzanda ya sassauta shi. Ga kuma batun ƙasar Folan, wadda Rasha ke tsoron Napoliyon zai sake raya ta a bakin iyakarta, ga batun Oldenburg, wata 'yar ƙaramar ƙasa ta surukan ƙanwar Alekzanda da Napoliyon ya haɗiye. Ranar 24 ga Yuni 1812 rundunar Napoliyon, mutum fiye da 400,000 a tashin farko, ta fara ƙetare kogin nan na Niemen da aka yi abotar a kansa.

A nan ne Tolstoy ya fara nuna gwanintarsa. Labarin ƙetarewar ya iske Alekzanda ne a wajen wata liyafar rawa kusa da birnin Vilna. Cikin fushi ya furta cewa ba zai yi sulhu ba muddin akwai sauran sojan abokan gaba ko da guda ɗaya ɗauke da makami a ƙasarsa. Maganar ta yi masa daɗi a baki. Amma da ya zauna rubuta wa Napoliyon wasiƙa sai ya ƙi saka ta a ciki, domin ya san ba ta dace da takardar neman sasantawa ba. Wasiƙar ta fita da laushi, har yana kiran Napoliyon ɗan'uwa, yana cewa in aka janye sojoji daga ƙasarsa zai ɗauka kamar ba a yi komai ba. Ita kuwa zazzafar maganar sai ya ɗora ta a bakin jakadansa, Janar Balashov, ya ce lallai ya faɗa wa Napoliyon ita ido da ido.

Ya kai mai sha'awar rubutu, tsaya ka dubi wannan da kyau. Tun jakada bai hau doki ba saƙon ya riga ya rabu biyu, na takarda daban, na baki daban. Sarkin yana magana da mutane iri biyu a lokaci guda. Akwai abokin gaba da yake so ya lallasa, akwai kuma fadawansa da suka ji ya yi rantsuwa a gabansu, waɗanda ba zai iya haɗiye maganarsa a idonsu ba. Duk tayin sulhun da aka yi a lokacin yaƙi yana ɗauke da wannan nauyi biyu, kuma galibi mutanen gida ne ke rinjaye. Marubucin da bai san wa ke tsaye a bayan sarkinsa yana saurare ba, bai san abin da sarkin zai iya faɗi ba.

Daga nan sai Tolstoy ya ƙi gaggawa. Maimakon ya ɗauki Balashov ya dire shi a gaban Napoliyon, sai ya bi da shi hanya, mataki-mataki, ana rage masa girma. Ya fita da mai busa ƙaho da mahaya biyu, da asuba ya iso sansanin farko na Faransawa, inda wani ƙaramin soja ya daka masa tsawa kamar bai ga rigarsa ta janar ba. Mutumin da sa'o'i kaɗan da suka wuce yake magana da sarkinsa baki da baki, yau a cikin ƙasarsa ake tambayarsa ko kurma ne. Sai ya haɗu da Murat, surukin Napoliyon kuma sarkin Naples, ya sha ado kamar ɗan sarki ranar hawan salla, ya yi masa fara'a da surutu marar amfani. Sai kuma Marshal Davout, wanda ya iske zaune a kan wata ganga cikin rumfar wani manomi yana duba lissafi. Wannan ko kallon kirki bai yi masa ba, ya karɓe wasiƙar da aka ce a hannun Napoliyon kaɗai za a sa ta, ya tsare shi. Kwana huɗu jakadan sulhu yana zaune ba mai yi masa magana, ana tafiya da shi tare da kayan runduna, ita kuwa rundunar tana ta kutsawa cikin Rasha. Da aka tashi kai shi gaban Napoliyon, a Vilna aka kai shi, cikin gidan nan da Alekzanda ya sallame shi daga ciki.

Mawallafin bai tsaya ya yi mana lacca a kan wannan ba, kuma bai kamata ya yi ba. Gidan ya wadatar. Takardar da aka rubuta lokacin da Vilna ke hannun Rasha, ga ta ana karanta ta bayan Vilna ta koma hannun Faransa. Hausawa da suka ce "tayin sulhu" sun yi dace da kalma, domin ita ce dai kalmar kasuwa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Bambancin shi ne a kasuwa buhun da ake ciniki yana nan a ajiye yadda yake, amma a yaƙi kayan suna sauya hannu ana tsakiyar magana. Wanda ya ci gari jiya ba zai sayar a kuɗin shekaranjiya ba, kuma yana ganin gobe kayansa za su ƙara daraja. Don me zai sallama yau?

Ganawar kanta ita ce zuciyar wannan sashe, kuma a ganina tana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa rubutawa a kan yadda magana ke kuɓuce wa mai ita. Napoliyon ya shigo cikin natsuwa, ya fara da cewa shi ma ba ya son yaƙi, tilasta shi aka yi. Balashov har ya fara sa rai. Da aka zo kan sharaɗi, sai maganar nan ta sarkinsa ta zo masa a maƙogwaro, ya kasa furta ta. Sai ya sassauta, ya ce sharaɗin shi ne sojojin Faransa su koma bayan kogin Niemen. Jakada ya ci amanar saƙo ke nan, ba don munafunci ba, don dai shi ma mutum ne, yana tsaye gaban wanda ya fi kowa ƙarfi a Turai. Duk da sassaucin, nan ne wutar ta kama. Napoliyon ya tuna cewa 'yan watanni kafin nan Rasha ta nemi ya janye har bayan kogin Oder, yanzu ga shi an sauko zuwa Niemen, wato dai ana ja da baya. Muryarsa ta fara tashi. Tolstoy ya sa idonmu a kan sharaɓar ƙafarsa ta hagu da ta fara rawa, tana ƙara rawa yayin da muryar ke ƙara tashi. Ya shiga zagin mashawartan Alekzanda ɗaya bayan ɗaya, ya raina yawan sojojinsa, ya yi masa gorin abin da da ya samu in da ya riƙe abota. Duk lokacin da Balashov ya buɗe baki sai a katse shi. Mutumin da ya shigo da niyyar nuna cewa shi mai ƙarfi ne amma mai sauƙin kai, ya ƙare yana ɗaukaka kansa yana wulaƙanta wanda yake so su shirya.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗan ciwo. Da yamma aka gayyaci Balashov cin abinci, Napoliyon ya huce sarai, yana ta raha kamar ba shi ba ne ɗazu. Ya yi ta tambayarsa labarin Mosko kamar matafiyin da ke shirin kai ziyara. Da ya ji majami'un birnin sun haura 200 sai ya ce yawan majami'u alamar ci baya ce. Balashov ya amsa da ladabi cewa akwai wata ƙasar ma mai yawan majami'u, wato Sifen, inda a lokacin sojojin Faransa ke shan wuya. Da aka tambaye shi hanyar Mosko, ya ce hanyoyin suna da yawa, har da wadda ta bi ta Poltava, wurin da aka ragargaza rundunar sarkin Suwidin a 1709. Habaici biyu masu kaifi. Marubuci ƙarami da nan zai sa ɗakin ya yi tsit, fuskar Napoliyon ta murtuke, jakada ya fita yana taƙama. Tolstoy kuwa sai ya ce mana habaicin Sifen ko lura da shi ba a yi ba a teburin. Sai da labarin ya koma fadar Alekzanda aka yi ta yaba shi. A ƙarshe Napoliyon ya matso ya kama kunnen wannan janar mai shekara arba'in ya ɗan ja, abin da a fadarsa ake ɗauka babbar karramawa, ya sa a ba shi dawakinsa ya koma. (Masana tarihi da dama suna shakkar ko Balashov ya faɗi maganar Poltava da gaske, domin shi ne ya ba da labarin da kansa, shekaru bayan an ci yaƙin. Kowa ya san yadda amsa mai daɗi ke zuwa wa mutum bayan ya koma gida.)

Wata uku bayan wannan, ciniki ya juye. An gwabza a Borodino ranar 7 ga Satumba, Napoliyon ya shiga Mosko ranar 14, ya tarar da birni kusan fayau, gobara ta tashi ta cinye fiye da rabinsa. A al'adar yaƙin Turai da ya saba da ita, in ka ci babban fage ka shiga babban birni, sai a aiko maka da wakilai a zauna. Ya zauna yana jira, ba wanda ya zo. Yanzu shi ne mai tayi. Ya nemo wani dattijo mai kula da gidan marayu, Tutolmin, ya aika saƙo ta hannunsa. Ya nemo wani bafade da gobara ta rutsa da shi, Yakovlev, ya ba shi wasiƙa zuwa Fitasbag. Alekzanda bai amsa ko ɗaya ba. Ranar 5 ga Oktoba ya tura Janar Lauriston, tsohon jakadansa a Rasha, wurin sarkin yaƙin Rasha, tsoho Kutuzov, a sansanin Tarutino. Kutuzov ya ce in ya zama shi ne ya buɗe ƙofar sasantawa, jikokin Rasha za su tsine masa.

Abin lura ga marubuci shi ne awon da Tolstoy ya yi. Tafiyar Balashov ta ci babi huɗu cur. Ta Lauriston kuwa 'yan layuka ce, Yakovlev da Tutolmin ma a cikin jerin ayyukan banza da Napoliyon ya yi a Mosko aka ambace su, cikin ba'a. A karatuna na farko na ɗauka wannan rowa ce. Daga baya na ga hikimarta: a watan Yuni akwai sauran abin faɗi, saboda haka aka bar mutane suka yi magana, a watan Oktoba amsar Rasha shiru ce, shiru kuwa ba ya cin shafi. Kowace wasiƙa da ta fito daga Mosko tana gaya wa Rashawa abu guda, cewa mai aiko ta ya matsu. A kasuwa ba abin kunya ba ne ka fara tayi, amma a yaƙi wanda ya fara tayi ya tona asirin aljihunsa. Shi ya sa mai ƙarfi ba ya bukatar karɓa, marar ƙarfi kuma tayinsa ke ƙara wa abokin gaba ƙwarin gwiwa. Napoliyon ya yi mako biyar a Mosko yana jiran amsa, Kutuzov yana tara sababbin dakaru da dawaki, sanyi yana matsowa. Sai ranar 19 ga Oktoba ya fita.

Akwai kuma batun amana, wanda Tolstoy ya shuka tun a mujalladin farko, a yaƙin 1805, mai karatu bai san amfaninsa ba sai can gaba. A wancan yaƙi Murat da Lannes sun ƙwace babbar gadar Viyana da ƙaryar cewa an riga an tsagaita wuta. 'Yan kwanaki bayan haka Murat ya so ya maimaita dabarar a kan Rashawa, sai Kutuzov ya karɓi tayin hannu biyu-biyu, ya yi amfani da lokacin ya sulale da rundunarsa. Kafin Austerlitz kuma Napoliyon ya nuna kamar yana neman sulhu, wani matashin bafade na Alekzanda, Dolgorukov, ya je ya gan shi ya dawo yana cewa mutumin nan tsoro yake ji. Aka auka masa, aka sha kashi. To mutanen da suka ga an mai da farar tuta makami har sau uku a shekara guda, yaya za su gaskata ta bayan shekara bakwai? A kasuwa akwai dillali da shaidu, akwai sarkin kasuwa da za a kai wa ƙara. Tsakanin sarakuna biyu masu yaƙi babu wanda zai tilasta wa wani cika alkawari, saboda haka kowa yana lissafin abin da zai same shi in ya ajiye takobi ɗayan bai ajiye ba.

Yanzu bari in zo inda ba mu shirya da Tolstoy ba.

Na farko, mutumin nan ɗan kishin ƙasa ne, kuma kishin ya shiga alƙalaminsa. Napoliyon ya sha ba'a tun daga ƙibarsa har zuwa turaren da yake shafawa. Alekzanda kuwa an bar tayinsa ya wuce kamar na mai gaskiya. Alhali in muka auna shi da ma'aunin da aka auna na Napoliyon, shi ma ba tayi ba ne na wanda ke sa ran a karɓa. Ka ce wa mutumin da ya shafe fiye da shekara yana tara runduna mafi girma da Turai ta taɓa gani ya juya ya koma kafin a fara magana, ai ka san amsar tun kafin ka aika. Amfanin wasiƙar shi ne ta zama shaida a idon Turai cewa ba Rasha ce ta fara ba. Irin wannan tayi ana yin sa ne domin a ƙi shi, kuma littafin bai tsaya a kansa yadda ya cancanta ba. Haka nan bai fito da babban abin da ya ɗaure hannun Alekzanda ba. Mahaifinsa, Sarki Paul, manyan fada ne suka kashe shi a ɗakin kwanansa a 1801. Sulhun Tilsit ya riga ya jawo wa Alekzanda baƙin jini. Sarkin da ya san wannan tarihi, in ya sa hannu a takarda bayan an ƙone Mosko, ya san abin da ke jiransa a gida. Tolstoy ya fi son ya nuna mana shi yana cewa gara ya tsayar da gemu ya ci dankali tare da talakawa da ya sa hannu a kan wulaƙancin ƙasarsa. Jarunta ce, ban musa ba, amma akwai tsoro a ƙarƙashinta, kuma da an nuna tsoron da tauraron ya fi zama mutum.

Na biyu, falsafar littafin tana faɗa da labarinsa. A babin da ya buɗe wannan sashe Tolstoy ya dage cewa sarakuna bayin tarihi ne, dalilan yaƙi ba su ƙidayuwa, babu wanda za a ce shi ya jawo shi. To in haka ne, me ya sa aka ɓata babi huɗu ana nuna mana fushin mutum ɗaya da rawar ƙafarsa? Mai kare shi zai ce ai manufar ke nan, a nuna cewa ganawar wasan kwaikwayo ce, an riga an gama komai. Ni ban gamsu ba. Duk wanda ya karanta wurin da Balashov ya haɗiye maganar sarkinsa zai ji a jikinsa cewa abin da mutum ya faɗa ko ya ƙi faɗa yana da nauyi. Tolstoy mai ba da labari ya fi Tolstoy mai wa'azi sanin mutane, kuma shawarata ga matasa ita ce su bi na farkon.

Na uku, ya tsaya da wuri. Labarin yaƙinsa ya ƙare da korar Faransawa a ƙarshen 1812, alhali darasin tayin sulhu mafi girma yana cikin shekara biyu da suka biyo baya. A Yuni 1813 aka tsagaita wuta, Metternich na Ostiriya ya yi sa'o'i masu yawa da Napoliyon a Dresden yana neman ya rage buri, bai samu ba, kuma kowane ɓangare ya yi amfani da hutun ne wajen ƙara shiri. Bayan an ci Napoliyon a Leipzig a watan Oktoba, a Nuwamba aka yi masa tayi daga Frankfurt cewa ya riƙe Faransa har zuwa kogin Rhine da tsaunukan Alps da Pyrenees. Ya yi jinkiri, yana ganin fage guda zai gyara masa komai. Kafin ya amince an janye tayin. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A Châtillon, a Fabrairu 1814, kuɗin ya sauko zuwa iyakokin Faransa na kafin yaƙe-yaƙen juyin juya hali, kuma da ya ci wasu 'yan fagage a wannan watan sai ya sake ɗaga kai. A ƙarshen Maris aka shiga Faris, a Afrilu ya yi murabus. Kullum yana shirye ya karɓi tayin da aka yi masa wata uku da suka wuce. Shi ma dai akwai masu saurare a bayansa: sarautarsa ba ta gado ba ce, nasara ce ta ɗora shi, kuma yana ganin ranar da ya koma gida da ƙasa ragagga, ranar ce ƙarshensa. Da Tolstoy ya kai labarinsa nan, da ya ga cewa ciwon da ya ɗora wa halin mutum ɗaya, ciwon kujerar ne.

Wanda ke ganin Rasha ta yi nisa, to kayan aiki suna nan a gida ba a taɓa su ba. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello ana tsakiyar yaƙi suna nan, malamai biyu kowa yana kafa hujja, kowa yana da jama'ar da ke sauraren amsarsa. Ga kuma yaƙin basasarmu. An zauna a Aburi ta Ghana a Janairu 1967, kowa ya koma gida da fassararsa ta abin da aka amince. An zauna a Kampala a Mayu 1968, 'yan kwanaki bayan Fatakwal ta faɗa hannun sojojin tarayya, Cif Anthony Enahoro a ɓangare guda, Sa Louis Mbanefo a ɗayan. Waɗannan suna cewa a tsagaita wuta tukuna a yi magana, waɗancan suna cewa a janye ɓallewa tukuna a tsagaita. Ai wannan ita ce dai maganar komawa bayan Niemen. Aka sake gwadawa a Yamai a Yuli, a gaban Shugaba Diori Hamani, sannan a Adis Ababa a Agusta, yaƙi bai ƙare ba sai Janairu 1970. Har yau ban ci karo da ƙagaggen labari na Hausa da ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna ba, ko da ta idon tafinta ne ko direban da ke jira a waje.

Ga wanda zai nemi wuraren da na yi magana a kansu: tafiyar Balashov tana mujalladi na uku, kashi na farko, daga babi na 3 zuwa na 7, ta Lauriston kuma tana farkon kashi na biyu na mujalladi na huɗu. Wasu fassarorin sun raba littafin daban, sai a nemi farkon shekarar 1812. A kula da kwanan wata, domin Tolstoy yana amfani da tsohuwar kalandar Rasha, wadda a wancan ƙarni take bayan tamu da kwana 12. Inda ya ce an ƙetare Niemen ranar 12 ga Yuni, ita ce 24 da na ambata a sama.